Yadda ake kula da sabon kwaɗon da ya ƙi cin abinci

Bara cikin watan Yuli, washegarin wani ruwa da ya kwana yana zuba har tafkunan Damagaram suka tumbatsa, ɗan ƙanwata mai shekara 11 ya shigo gida riƙe da gwangwanin madara, ya toshe bakinsa da tafin hannu. Kwaɗo ne a ciki. Ya ce kiwonsa zai yi a hutun makaranta. Uwarsa ta ce ya fitar mata da shi, kakarsa ta ce a bar yaro, daga ƙarshe magana ta dawo kaina. Bayan kwana uku ya same ni a zaure, ido ya ciko da hawaye.

"Kawu, ya ƙi ci. Na ba shi tuwo, na ba shi shinkafa, har ƙuli-ƙuli na marmasa masa."

Da na leƙa sai na tarar da kwaɗon yana ta fafutuka a cikin bokiti cike da ruwan famfo, ba shi da wurin da zai dafa ya huta. Tuwon ya jiƙe yana tsami a ƙasa, bokitin kuma yana tsakar gida, rana na dukansa tun hantsi. Na ce masa: "Ɗana, ko kai aka ajiye a haka ba za ka iya cin abinci ba."

Abin da nake so mai karatu ya riƙe ke nan tun daga farko. Idan sabon kwaɗo ya ƙi ci, galibi laifin na masauki ne ko na tsoro, abinci sai daga baya. Kuma ba na ɗaukar wannan a matsayin wasan yara. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Mun san Manzon Allah (SAW) ya hana kashe kwaɗo lokacin da wani mai magani ya tambaye shi game da sa shi cikin magani. Duk wanda ya rufe mai rai a cikin mazubi, cinsa da shansa sun hau kansa.

Fara da sanin wanda ka ɗauko

Wanda yara suka fi kamawa a garin nan shi ne kwaɗon tudu, mai kaushin fata da ƙuraje-ƙuraje, gajerun ƙafafu, da kumburi guda biyu a bayan idanu. Shi ne ake gani a gindin randa ko ƙarƙashin fitilar ƙofar gida da dare. A ƙasa yake rayuwa, ruwa kuwa sai don jiƙa jiki da haihuwa, kuma idan aka bar shi cikin ruwa mai zurfi ba madafa zai gaji ya nutse. Yawancin bayanina a kansa ne, domin shi ya fi sauƙin riƙo.

Akwai burduddugi, babban nan na tafki mai santsin jiki da dogayen ƙafafun baya. Shi yana bukatar rabin wurinsa ya zama ruwa, yana da tsalle mai ƙarfi har yakan fasa hancinsa a jikin mazubi, kuma yana haɗiye duk ƙaramin kwaɗon da aka haɗa shi da shi. Ban ba yaro shawarar riƙe shi ba. Sai wani mai faffaɗan jiki kamar an danne shi, idanunsa a saman kai, da baƙaƙen farata a yatsu uku na ƙafar baya. Wannan ba ya cika fita daga ruwa, ba shi da harshe, da hannuwansa yake tura abinci baki. Idan shi ka samu, ruwa zalla za ka ba shi, kuma shi kam yana cin abin da ba ya motsi.

Masaukin

Nemi babbar roba mai zurfi, wadda tsawonta ya kai santimita 60, faɗi 40, tsayi kamar 35. A Kasuwar Dole ba za ka rasa ba. Sabuwa ta fi. Idan tsohuwa ce, kada ta zama wadda aka taɓa jiƙa wanki, ko aka zuba fetur, taki ko maganin ƙwari a ciki. Ɗauraye ta da ruwa zalla, ba sabulu.

Zuba ƙasa mai zurfin santimita 8 zuwa 10, domin kwaɗon tudu mai tona ne, kuma ba ya samun natsuwa sai ya binne rabin jikinsa. Ɗebo ƙasar daga gindin itace inda ganye ya ruɓe, wurin da ka tabbata ba a yi feshi ba, ba a watsa takin zamani ba. Tsince tsakuwa tas. Dalili shi ne idan ya kai wa ƙwaro cafka yakan haɗa da abin da ke ƙasa, tsakuwa kuma takan toshe masa hanji, daga nan ya daina ci gaba ɗaya. Yayyafa ruwa ka cakuɗa har sai in ka dunƙula ƙasar a hannu ta dunƙulu amma ba ta ɗiga ba. Caɓi yana ruɓar masa da fatar ciki. Watsa busasshen ganyen mangwaro a sama. Ka guji ganyen dogon yaro, yana kashe ƙwarin da za ka zuba masa.

Yanzu maɓoya, wadda mutane suka fi mantawa alhali ita ce rabin magani. Fasasshen tulu ko kasko da aka kifa, aka bar ƙofa daidai shigarsa, ya wadatar. Yumɓu yana riƙe danshi da sanyi, shi ya sa ya fi gwangwani. Idan da hali sa biyu, ɗaya a ɓangaren da ya fi laima, ɗaya a wanda ya fi bushewa, ya zaɓa da kansa.

Murfi kuwa dole ne, kuma mai shan iska: ragar waya irin ta taga, a ɗora dutse a kai saboda kyanwa da kaji. Ina roƙonka kada ka yanki tsohon gidan sauro ka rufe. Gidajen sauron da ake rabawa an jiƙa su da maganin kashe ƙwari, raɓa ko yayyafi za su wanko shi ya sauka a kan kwaɗon. Haka nan kada ka ajiye robar a ɗakin da ake kunna maganin sauro ko ake fesa shi, ko inda ake turaren wuta.

Maganar ruwa tana bukatar a tsaya a kanta

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Zama yake yi a ciki, fatar cikinsa da ta cinyoyinsa ta tsotse. Ta fatar nan kuma yake yin wani ɓangare na numfashinsa. Saboda haka duk abin da ke cikin ruwan, kai tsaye yake shiga jikinsa. Ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, mai amfani gare mu, mai ƙona fata gare shi. Tara shi a buɗaɗɗen kwano ka bar shi awa 24 zuwa 48 kafin ka ba shi. Ruwan da aka ɗiga wa jabel ko aka jefa wa ƙwayar tsabtace ruwa, kada ya kusance shi. Ruwan rijiya mai ɗanɗanon kanwa ko gishiri shi ma bai dace ba, yana zuƙe masa ruwan jiki maimakon ya ƙara masa. Wanda ya fi duka shi ne ruwan sama da aka tara a tsabtataccen mazubi, ba na farkon zubowa daga indararo ba. Mun san wuyar ruwa a Damagaram, mun san yadda ake jiran mai ga-ruwa da bazara, to amma abin da kwaɗo ɗaya ke bukata bai wuce kofi biyu a yini ba. Ware masa ƙaramin bido nasa tun da damina.

Zuba ruwan a faffaɗar tasa marar zurfi, ka nutsa ta cikin ƙasa bakinta ya yi daidai da doron ƙasar. Zurfin ya tsaya a haɓarsa idan ya zauna. Canza shi kowace safiya, domin a ciki yake yawan yin kashi.

Zafi da bushewa

Jikin kwaɗo ba ya samar da ɗuminsa, yanayin wurin da yake shi ne yanayin jikinsa. Tsakanin digiri 24 da 28 ya fi walwala da cin abinci. A garinmu kuwa, cikin Afrilu da Mayu zafi yana haura 40 da rana. A daji yakan tsira ne ta hanyar nutsewa cikin ƙasa mai sanyi, a roba kuma ba shi da wannan zurfin. Rabin awa a rana tsaka ta isa ta kashe shi. Ajiye robar a ƙasa cikin ɗakin soro ko inuwar da rana ba ta zagayowa, kusa da randa in da hali, nesa da rufin kwano. Ranar da zafi ya tsananta, jiƙa buhun algarara ko tsumma mai tsabta ka rufa rabin ragar, kamar yadda ake sanyaya tulu.

Da hunturu matsalar takan juya. Iska tana busar da ƙasar cikin yini guda, dare kuma a Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15. Sanyi yana tsayar masa da narkar da abinci, sai ya daina ci. Shigar da shi ɗaki, ka riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Ka kuma sani cewa ruwan da Damagaram ke samu a shekara wajen milimita 400 ne, mafi yawansa a Yuli da Agusta, don haka kwaɗinmu sun saba da su binne kansu su yi watanni ba ci har damina ta dawo. Idan naka ya yi ƙiba, ya tona ya shige da rani, kada ka tono shi don ka ciyar da shi. Kula kawai kada ƙasar ta bushe ƙayau.

Ka ƙyale shi

Wannan mataki ba ya cin ko dala, amma shi ya fi wa yara wuya. Bayan ka sa shi a sabon masauki, kwana uku cur kada a taɓa shi, kada a ɗaga maɓoyarsa, kada a tara abokai a kansa. A wurin kwaɗo, hannun da ke saukowa daga sama daidai yake da bakin shamuwa. Dabbar da ke jin za a cinye ta ba ta tunanin ci. Na yi wa ɗan ƙanwata sharaɗi: leƙe sau biyu a yini, da safe wajen canza ruwa, da kuma bayan magariba.

Idan ɗauka ta zama dole, wanke hannu da ruwa zalla ka bar shi a jiƙe, ba man shafawa, ba turare, ba ragowar yaji. Bayan ka ajiye shi kuma ka wanke da sabulu sosai. Kumburin nan biyu na bayan idanunsa suna fitar da farin ruwa mai guba idan ya tsorata, yana da zafi a ido da baki, yana kuma wahalar da kare idan ya cije shi. Kwaɗi suna iya ɗaukar ƙwayar cutar da ke sa zawo da zazzaɓi, saboda haka yaran da ba su kai shekara 5 ba a bar su da kallo.

Abincin, da yadda ake miƙa shi

Kwaɗon tudu ba ya cin tuwo, ba ya cin hatsi, ba ya cin ganye. Ko soyayyar farar kasuwa ka ajiye masa, zai zauna kusa da ita har ya rame. Idonsa motsi yake gani. Abin da bai motsa ba, a wurinsa ba abinci ba ne. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami, in ji Hausawa, to shi haka aka halicce shi. Sai ƙwaro mai rai.

Da damina abin a yalwace yake. Daren da aka yi ruwa, ajiye kwano ƙarƙashin fitila ka tara shinge, ban ga abin da ke buɗe bakin kwaɗo kamarsa ba. Gyare yana nan bayan randa da ƙarƙashin duwatsu. Tana tana cikin ƙasar garka mai laima, kuma tana daga cikin mafi amfani gare shi. Ƙananan fara ma suna yi, amma ka cire ƙafafun baya masu ƙaya. Da rani kuwa yi dabarar masu kiwon ƴan tsaki: cika tsohuwar tukunya da busasshiyar kashin shanu da karan hatsi, yayyafa ruwa, kifa ta a kan hanyar gara da yamma, da safe ka ɗauka. Tsince masu manyan kawuna, suna cizo.

Girman ƙwaron kada ya wuce faɗin da ke tsakanin idanunsa biyu. Babban ƙwaro yana tsorata shi, in ma ya haɗiye yakan amayar.

Akwai waɗanda ba a ba shi ko da yunwa za ta kashe shi. Farar tumfafiya mai launi-launi tana tara gubar tumfafiya a jikinta. Ƙwaron nan na gonar hatsi da ke sa fatar mutum ta yi bororo shi ma guba ne. Kyankyason salga ƙazanta ne, wanda ka tsinta yana magagi a ɗaki kuwa wataƙila maganin feshi ya sha. Duk ƙwaron da ya fito daga gonar da aka yi wa feshi, bar shi.

A daren kwana na huɗu, bayan magariba, zuba ƙwari biyar ƙidayayyu a faranti mai santsi wanda ba za su iya hawowa ba, ka ajiye kusa da ƙofar maɓoyarsa. Rage haske, ja da baya, yi shiru. Kwaɗon tudu da dare yake farauta, kuma sabo ba ya yarda ya ci ana tsaye a kansa. Da safe ka ƙirga. In sun ragu, ya ci. Kwashe ragowar, musamman gyare, domin idan ya ji yunwa yakan gwagwiyi fatar kwaɗon yana barci. Wata shaidar ita ce kashi: baƙi, dunƙulalle, mai girman da zai ba ka mamaki.

In kwana biyu sun wuce ba a taɓa ba, canza irin ƙwaron. Wanda ya ƙi gyare sau da yawa yakan karɓi tana. Ajiye ta a gabansa, tazarar yatsa uku, ka ɗan zungure ta da tsinken tsintsiya ta yi motsi. Lura da shi: idan ya ɗago gaba, ya karkato kai, yatsun ƙafarsa na baya suka fara karkarwa, to ya gani kuma yana so. Harshen zai fita ya koma kafin ka ƙifta. Sai ka ga ya runtse idanu sun nutse ciki. Kada ka tsorata, da su yake taimaka wa kansa tura loma zuwa maƙogwaro.

Namu sai a dare na tara ya ci, shinge huɗu a jere. Yaron ya zo da gudu har yana tuntuɓe da tabarma: "Kawu, ya ci! Wallahi ya ci!"

Da zarar ya fara, ƙarami a ba shi kullum, babba duk bayan kwana biyu ko uku, gwargwadon abin da zai cinye cikin minti 15. Ƙwari kaɗai ba su da isasshen sinadarin gina ƙashi, kuma rashinsa yana lanƙwasa ƙafafu, ya sassauta muƙamuƙi har cafka ta gagara. Dafa ɓawon ƙwai, shanya shi, daka shi ya yi laushi kamar kwalli. Sau biyu a mako ka sa ƙwarin a gwangwani da ɗan kaɗan na garin, ka girgiza kafin ka miƙa. Gyaren da ka tara kuma ka ciyar da shi ganyen zogale da karas da dusa kwana guda kafin ya zama abinci, abin da ke cikinsa shi ne zai shiga jikin kwaɗon.

Idan har yanzu ya ƙi

Babban kwaɗo mai ƙiba yana iya yin mako biyu ba ci ba tare da ya cutu ba. Ƙarami kamar kan yatsa ba ya jure fiye da ƴan kwanaki. Kafin ka ɗaga hankali duba ko saɓa yake yi: fatar takan yi dishi-dishi, ya riƙa hamma yana shafa jiki da ƙafa, ya janye tsohuwar fatar ya haɗiye. A wannan lokacin yakan bar abinci kwana ɗaya ko biyu.

Alamun da ke nuna ciwo daban suke. Ja kamar jini ya kwanta a fatar ciki da cinyoyi. Kumburin jiki kamar an hura. Ido ya yi fari. Ƙasusuwan baya sun fito, ciki ya lotsa. Yana kai cafka amma harshen ba ya kama ƙwaron. Ko ka kifar da shi a bayansa ya kasa juyowa. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, mayar da shi roba mai tsabta da jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa, ka nemi likitan dabbobi. Kada ka jiƙa masa maganin mutane a ruwa, ƙwayar da ba ta kai komai ba a jikinka ta fi ƙarfinsa nesa. In kuma kashi ne ya ƙi fita, ciki ya yi tauri, zaunar da shi minti 15 cikin ruwa mai ɗan ɗumi kaɗan, wanda bai kai ɗumin jikin mutum ba, zurfin haɓa. Abin da na fi hanawa shi ne buɗe masa baki da tsinke a yi masa ɗura. Ƙashin muƙamuƙinsa siriri ne, yana karyewa, kuma tsoron da zai shiga zai ƙara nisanta shi da abinci.

Idan daga tafki ko lungun unguwa aka kamo shi, ka gyara duk abin da na lissafa, kwana 10 zuwa 14 suka wuce bai ci ba, to mayar da shi; in ƙarami ne kuwa, kada ka jira har haka. Wasu ba sa karɓar tsarewa ko me aka yi musu. Kai shi daidai wurin da aka ɗauko shi, bayan faɗuwar rana, a ranar da ƙasa ke da laima, ka ajiye shi gindin ciyawa ba cikin ruwa ba. Amma wanda aka sayo daga wata ƙasa, ko ya zauna tare da baƙin kwaɗi, kada a sake shi a tafkunanmu. Akwai cutar fata da wani naman gwari ke haddasawa, wadda masana suka ba wa suna a 1999, ta hallaka kwaɗi masu yawa a Ostareliya da Amurka ta Tsakiya, kuma jigilar kwaɗi daga wuri zuwa wuri na cikin hanyoyin yaɗuwarta. Irin wannan sai dai a nema masa wani mai riƙo.

Namu ya yi wata biyu da rabi a gidan. Da ƙarshen Satumba ta zo, shinge ya ɗauke, makaranta ta kusa komawa, na tambayi yaron ko zai iya kifa tukunyar gara kowace yamma har wata takwas. Ya yi shiru, ya ce zai yi tunani. Bayan kwana biyu, da aka idar da sallar magariba, ya ɗauko robar da kansa, muka taka tare zuwa bakin tafkin da ya kamo shi.